Tambaya da Amsa: Tarihi da Tsarin Abrajul Bait, Dogayen Benayen da ke Kallon Ka'aba

Tambaya: Assalamu alaikum. Malam, Allah ya nufe ni da zuwa Umara a watan azumin da ya gabata, kuma duk sa'ad da na ɗaga kai a filin ɗawafi sai idona ya faɗa kan dogon benen nan mai agogo. Wata rana bayan la'asar na shiga cikinsa, sai na tarar da kantuna, da wuraren cin abinci, da otal-otal, da wurin salla, duk a cikin abin da nake zaton gini ɗaya ne, har sai da na ɓata kafin na gano ƙofar fita. Wani abokin tafiyata ya ce a da can sansanin sojan Turkawa ne a wurin, wani kuma ya ce ginin waƙafi ne na Harami. Ina roƙon a yi mini bayanin tarihinsa, da dalilin da ya sa aka tara abubuwa masu yawa haka a wuri ɗaya, da kuma yadda masu zane suka tsara shi.

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Allah ya karɓi ibada, ya maimaita mana. Abokan tafiyarka duka biyu gaskiya suka faɗa maka, kowanne ya riƙe ɓangare ɗaya na labarin, kuma ɓatan da ka yi a ciki ba abin kunya ba ne, domin abin da ka shiga rukuni ne na benaye bakwai da suka tashi daga kan wani ƙaton gindi guda wanda ya haɗe su. Sunansa Abrajul Bait, wato hasumiyoyin Ɗakin Allah, a takardun hukuma kuwa ana kiransa Waƙafin Sarki Abdul'aziz. Benen tsakiya, mai agogon, tsawonsa mita 601 ne, hawa 120, kuma a yau benaye uku ne kaɗai a duniya suka fi shi tsawo: Burj Khalifa na Dubai mai mita 828, da benen da ake kira Merdeka 118 na Malesiya, da Hasumiyar Shanghai ta ƙasar Sin mai mita 632. Sauran shidan, da suka haɗa da Hajar, da Zamzam, da Safa, da Marwa, da Maƙam, kowanne ya haura mita 200, wanda da a wani gari aka gina shi da shi kaɗai ya isa abin nuni, amma a nan sun zama tamkar fadawa a gefen sarki.

Bari in fara da wurin kafin ginin. A kudu da Masallacin Harami, a unguwar Ajyad, akwai wani tsauni da ake kira Bulbul, kuma a kansa ne aka gina wani sansanin soja na dutse wajen shekarar 1780, a zamanin da Hijaz take ƙarƙashin Daular Usmaniyya ta Turkiyya, domin tsaron Harami da mahajjata daga mahara. Sansanin ya tsaya fiye da shekara 200 yana kallon masallacin, ya ga ƙarshen mulkin Turkawa, ya ga na Sharifai, ya ga shigowar Sarki Abdul'aziz. A farkon shekarar 2002, a zamanin Sarki Fahad, aka rushe shi, aka kuma fasa tsaunin da yake kai aka baje shi domin samar da fili. Gwamnatin Turkiyya ta yi fushi ƙwarai, har ministan al'adunta na lokacin ya kwatanta abin da rushe gumakan Bamiyan da 'yan Taliban suka yi a Afganistan shekara ɗaya kafin nan. Hukumomin Saudiyya suka amsa cewa sansanin ba wuri ne mai tsarki ba, ƙasar tasu ce, kuma bukatar masaukin baƙin Allah ta fi ƙarfin ajiye tsohon gini. Daga nan aka shiga aiki, kamfanin gine-gine na Binladin ne ya karɓi kwangilar, kamfanin Dar Al-Handasah ya yi zanen rukunin, aka riƙa buɗe benayen ɗaya bayan ɗaya, har aka kammala babban a shekarar 2012 a zamanin Sarki Abdullah. Aikin bai tafi sumul ba, domin gobara ta tashi a benayen da ake ginawa har sau biyu, a 2008 da 2009.

Batun waƙafi shi ne mabuɗin amsar tambayarka ta biyu, saboda haka zan ɗan daɗe a kansa. Filin an tsayar da shi ne waƙafi, ma'ana ba a sayar da shi, ba a gadonsa, amfanin da yake bayarwa kuma ana kashe shi ne a kan hidimar Harami biyu masu alfarma. Wanda ya san tarihin biranen Musulunci ba zai ga baƙon abu a nan ba. Tun ɗaruruwan shekaru, duk sarkin da ya gina babban masallaci ko makaranta yakan gina kasuwa ko masauki a kusa, ya mai da su waƙafi, domin kuɗin hayarsu ya riƙa biyan liman da ladan da mai shara da man fitila bayan ransa. A Santambul, kasuwar kayan yaji da aka gina a shekarun 1660 an yi ta ne domin ta ciyar da masallacin da ke maƙwabtaka da ita. A Alƙahira kuwa akwai masaukin fatake da Sarki Ƙansuh al-Ghuri ya gina wajen 1504, wanda har yau yana nan: ƙasansa ɗakunan ajiyar kaya ne da shagunan ciniki, samansa kuma gidajen haya, kuɗin da ake samu yana tafiya ga waƙafin sarkin. Idan ka dubi wannan tsari da kyau, kasuwa a ƙasa, masauki a sama, riba ga masallaci, za ka ga shi ne dai aka ɗauko aka miƙar da shi sama har mita 601. Abin da ya canja shi ne girma, da kuma hanyar samun kuɗin ginin. Maimakon baitulmali ya ɗauki nauyin komai, an ba masu zuba jari damar ginawa da cin amfanin wurin na wasu shekaru ƙididdigaggu kafin ya koma hannun waƙafin. A benen Zamzam, alal misali, wani kamfanin Kuwaiti mai suna Munshaat ya sayar wa jama'a takardun haƙƙin amfani, waɗanda ke bai wa mai riƙe da su damar sauka a wani ɗaki na wasu kwanaki a kowace shekara har tsawon shekara 24, ba tare da ya mallaki ko taku ɗaya na ƙasar ba.

Waƙafi shi ne tushe ɗaya na wannan tsari, ɗaya tushen kuma daga Amurka ya fito. Dogon bene bai yiwu ba sai da aka sami abubuwa biyu a ƙarni na 19: lif mai birki wanda ba ya faɗowa ko igiyarsa ta tsinke, wanda Elisha Otis ya nuna wa jama'a a Niyu Yok a shekarun 1850, da kuma ƙwarangwal na ƙarfe da ke ɗaukar nauyin gini maimakon bango mai kauri. Da farko galibin benayen nan ofisoshi ne zalla, da yamma kowa ya tashi ya bar su wayam. Cibiyar Rockefeller, wadda aka gina a Niyu Yok tsakanin 1930 da 1939 da gine-gine 14, ita ce ta nuna cewa ana iya tsara benaye da yawa a matsayin unguwa guda, da dandali a tsakiya, da kantuna da gidajen kallo, da hanyoyin ƙarƙashin ƙasa masu haɗa su. Sai kuma Cibiyar John Hancock ta Shikago, wadda aka gama a 1969, mai hawa 100 da tsawon mita 344, inda aka jera komai a bene ɗaya: kantuna da wurin ajiye motoci a ƙasa, ofisoshi a tsakiya, gidajen kwana a sama. Injiniyan da ya yi lissafin wannan bene, Fazlur Rahman Khan, Musulmi ne haifaffen Dhaka, kuma shi ne dai ya yi aikin rumfunan tashar alhazai ta filin jirgin saman Jidda, waɗanda duk wanda ya sauka a can lokacin aikin Hajji ya zauna a inuwarsu. A Jidda ɗin ma Allah ya yi masa rasuwa a 1982. Na kawo shi ne domin dabarun da ya fito da su, na mai da jikin bene gaba ɗaya ya zama kamar bututu mai jure iska, su ne kusan duk dogon benen da aka gina bayansa ya amfana da su.

Masu wannan sana'a suna da ma'auni na abin da suke kira bene mai ayyuka gauraye. Majalisar da ke ƙididdige dogayen benaye ta duniya ba ta ba gini wannan suna sai idan yana da ayyuka biyu ko fiye, kuma kowanne ya ci aƙalla kashi 15 cikin 100 na faɗinsa ko tsawonsa. Dalilin da ke sa masu kuɗi son irin wannan tsari a bayyane yake. Inda ƙasa ta yi tsada ƙwarai, ba a yarda wani ɓangare na gini ya kwana babu mai amfani da shi, kuma kowane aiki yana da hawan da ya fi dacewa da shi: mai kanti yana son ƙasa inda ƙafa ke wucewa, mai otal yana son sama inda ake hangen nesa kuma hayaniya ba ta kaiwa. A doron ƙasa kuwa da wuya a sami filin da ya kai na bakin Harami tsada, domin Makka kwari ce da duwatsu suka kewaye, fili mai faɗi kaɗan ne, baƙi kuma ƙaruwa suke yi. A shekarar 2012, shekarar da aka kammala ginin, mahajjata sun haura miliyan 3, ban da masu Umara da ke zuwa duk tsawon shekara, kuma kowannensu burinsa ya sauka inda zai taka da ƙafa ya riski jam'i. Fili kaɗan da mutane masu yawa da ke son wuri ɗaya, wannan shi ne lissafin da ya tura ginin sama.

Yanzu ga tsarin kansa. Abin da ya kamata ka fara lura da shi shi ne gindin, wato wannan ƙaton ɓangare na ƙasa da benayen bakwai suka tsaya a kai, wanda a cikinsa ne ka ɓata. A nan aka sa kasuwa mai hawa 5, da wuraren cin abinci, da wurin salla mai ɗaukar mutum fiye da 10,000, ƙarƙashinsa kuma hanyoyin mota da wuraren sauke kaya. An karkasa hanyoyin ne da gangan: motoci da manyan motocin kaya suna shigowa ta ƙasa da ta baya, masu tafiya a ƙafa kuma suna fita ta gaba kai tsaye zuwa farfajiyar da ke fuskantar Ƙofar Sarki Abdul'aziz, ta yadda mai zuwa salla ba zai haɗu da motar da ta kawo buhunan shinkafa ba. Wuraren karɓar baƙi na otal-otal ɗin ma ba a ƙasa suke ba, sai mutum ya hau wasu hawa kafin ya iske su, sannan ya sauya lif zuwa ɗakinsa. Gaba ɗaya faɗin dakalin rukunin, idan aka tara dukkan hawa, ya kai kimanin murabba'in mita miliyan 1.5, abin da ya sa yake cikin gine-gine mafi faɗi a duniya. Otal-otal ɗin da ke ciki kamfanoni daban-daban ne ke gudanar da su, irin su Fairmont a benen agogo, da Raffles, da Swissôtel, da Pullman, da Mövenpick, da Rotana.

Ɗora otal a kan kasuwa yana da wata wahala da mai kallo ba ya gani. Ɗakunan otal ƙanana ne, saboda haka ginshiƙansu kusa da kusa suke, kasuwa da wurin salla kuwa suna son fili buɗaɗɗe da ginshiƙai nesa da juna, don kada su datse sahu ko su tare hanya. Nauyin hawa masu yawa da ke saukowa ta ƙananan ginshiƙai dole ne a sami inda za a tattara shi a miƙa wa manya 'yan kaɗan. Injiniyoyi suna yin wannan ne da wasu manyan katanga ko gadoji na kankare da rodi, waɗanda kaurinsu kan kai tsawon hawa guda, kuma a irin waɗannan hawa ne ake ɓoye injuna da tankunan ruwa, tun da ba su dace da zaman mutane ba. Duk inda ka ga dogon bene da wani hawa marar tagogi sai ramukan iska, to, irin wannan ne. Ruwa ma ba a tura shi daga ƙasa zuwa ƙololuwa da famfo ɗaya, domin kowace mita 10 ta tsawo tana ƙara wa ruwa matsi daidai da nauyin iskar da ke kanmu, wanda ke nufin a mita 600 matsin zai ninka sau 60, ya fasa bututu. Sai a riƙa ɗaga shi zango-zango, daga tanki zuwa tanki, kowane tanki yana shayar da hawan da ke ƙarƙashinsa. Haka ake yi wa ruwan sanyi na sanyaya ɗakuna, a garin da zafi kan haura digiri 45 a lokacin bazara, haka kuma ruwan kashe gobara.

A ganina, abin da ya bambanta wannan rukuni da duk takwarorinsa na duniya, kuma wanda ya fi agogon wahalar warwarewa, shi ne salla. A benen ofisoshi, ma'aikata suna shigowa da safe cikin sa'a ɗaya ko biyu, wasu su riga wasu, kuma da wannan ne ake lissafin yawan lif da girmansu. A otal na sauran garuruwa abin ya fi sauƙi, domin baƙi suna fita a lokutan da suka ga dama. A nan kuwa, sau biyar a kowace rana, kusan duk wanda ke cikin benayen yana son sauka a cikin 'yan mintoci tsakanin kiran salla da tayar da iƙama, da tsofaffi, da masu keken guragu, da mata masu riƙe da yara, sannan bayan sallama su dawo gaba ɗaya kamar an buɗe madatsar ruwa. A goman ƙarshe na azumi, ka gani da idonka, abin ya wuce misali. Wannan ne ya sa aka rarraba lif rukuni-rukuni, kowanne da hawan da yake zuwa, aka sa wasu masu gudu da ba sa tsayawa sai a zangon sauyi, aka kuma cika ƙananan hawa da matakala masu tafiya da kansu, domin su ba sa jiran kowa kuma suna kwashe mutane fiye da lif nesa ba kusa ba. Wuraren salla da ke cikin ginin, waɗanda aka haɗa da lasifikar Harami, su ma wani ɓangare ne na wannan lissafi, domin duk wanda ya tsaya a can an rage mutum ɗaya a cunkoson ƙofa. Ko sallar wanda ya bi limamin Harami daga can ta yi daidai da ta wanda ke cikin sahu, malamai sun yi saɓani a kai saboda batun haɗuwar sahu, kuma wannan fage nasu ne, mai zanen gini ba shi da ta cewa. Duk da wannan tanadi, wanda ya sauka a can ya san cewa idan bai fito da wuri ba zai iya rasa raka'a yana tsaye a bakin lif, wanda ke nuna cewa akwai iyakar abin da na'ura za ta iya yi idan dubban mutane suka nufi ƙofa ɗaya a lokaci ɗaya.

Abu na biyu da ya juya alƙalamin masu zanen shi ne hangen Ka'aba. An jera benayen ne ta yadda tagogi mafi yawa za su fuskanci masallacin, na gaba gajeru, na baya dogaye, don kada wani ya tare wa wani, kamar yadda ake zaunar da ɗalibai gajere a gaba dogo a baya. Su kansu otal-otal ɗin da wannan suke rarraba ɗakunansu: mai kallon Ka'aba, mai kallon Harami, da mai kallon gari, kuma kuɗin kowanne daban ne ko da faɗinsu da kayan cikinsu ɗaya ne.

Sai agogon, wanda shi ne kowa ya fi sani. Tunanin ɗora shi ya zo ne bayan aikin benen ya riga ya yi nisa, wanda ke nufin harsashin da ginshiƙan an riga an zuba su bisa wani lissafi, kuma akwai iyakar nauyin da za a iya ƙara musu. Aka ba kamfanin SL Rasch na Jamus aikin zana wannan ɓangare na sama. Mai kamfanin, Mahmoud Bodo Rasch, Bajamushe ne da ya musulunta, ƙwararre a gine-gine marasa nauyi, kuma shi ne ya zana manyan lemomin nan masu buɗewa da rufewa na farfajiyar Masallacin Annabi a Madina. Maganin da suka kawo shi ne su bar kankare, su yi ƙwarangwal ɗin da ƙarfe, su lulluɓe shi da faifai na zaren roba da gilashi irin wanda ake ƙera jikin jiragen ruwa na tsere da shi, wanda wani kamfani a Dubai ya ƙera, sannan a manna masa miliyoyin ƙananan duwatsun gilashi masu launi. Injin agogon kuma kamfanin Perrot na Jamus ne ya yi shi, wanda ya daɗe yana ƙera agogunan hasumiya. Fuskokinsa huɗu ne, faɗin fuska ya kai mita 43, alhali shahararren agogon nan na Landan faɗin fuskarsa mita 7 ne kacal, hannun da ke nuna minti kuwa ya haura mita 20. A tsakiyar kowace fuska akwai tambarin Saudiyya na dabino da takubba biyu, a samanta kuma an rubuta kabbara a ɓangarori biyu, kalmar shahada a sauran biyun. Da dare fitilu kimanin miliyan 2 ne ke haskaka shi, a can ƙololuwa kuma jinjirin wata ne mai ruwan zinariya wanda tsawonsa ya kai mita 23. An fara gwada shi a watan azumin shekarar 1431 ta Hijira, wato Agustan 2010. A lokacin an yi ta maganar cewa lokacin Makka zai maye gurbin na Girinwic da ke Landan, wato GMT, a matsayin ma'aunin duniya, amma hakan bai faru ba, agogon yana nuna lokacin Saudiyya ne, wanda ke gaban na Girinwic da sa'a 3. A 2019 aka buɗe gidan tarihi a hawa huɗu na cikin ɓangaren agogon, mai bayani a kan taurari da rana da wata da auna lokaci, da baranda da ake hango Harami daga sama.

A wannan tsawo babban abokin gaba shi ne iska, domin ƙarfin da take bugun bango da shi yana ninkuwa sau huɗu idan gudunta ya ninka sau biyu, kuma fuskar agogo mai faɗin mita 43 a sama da mita 400 tamkar filafilan jirgin ruwa take. Wannan ne ya sa ba a gina irin waɗannan benaye sai an yi ƙaramin samfurinsu an saka a ramin gwajin iska an auna yadda zai yi lilo. Kowane dogon bene yana ɗan motsi, aikin injiniya shi ne ya tsare motsin a iyakar da wanda ke kwance a ɗaki ba zai ji shi ba. A nan Makka ta yi wa magina rangwame ta fuska ɗaya, domin ƙasarta dutse ne mai tauri wanda ke riƙe harsashi da kyau, sai dai fasa shi a kusa da masallacin da ke cike da masu ibada dare da rana aiki ne mai cin lokaci.

Tun da ka tambayi tarihi, ba zan ɓoye maka cewa ginin yana da masu suka ba, kuma daga cikinsu akwai Musulmi masana. Sami Angawi, mai zanen gine-gine ɗan Hijaz wanda ya kafa cibiyar binciken aikin Hajji a 1975, ya daɗe yana kokawa kan yadda aka rushe tsofaffin unguwannin Makka, da yadda dogayen benaye suka mamaye Ka'aba. Ni ma, a matsayina na wanda ya yi karatun wannan fanni, ina ganin kukan nasa yana da tushe. Ka'aba tsawonta bai wuce mita 13 zuwa 15 ba, kuma tsawon ƙarnoni magina suna kiyaye ladabin kada su gina abin da zai rinjaye ta a ido, har rumfunan da Turkawa suka kewaye filin ɗawafi da su a ƙarni na 16 an yi su ne ƙasa-ƙasa. Yau kuwa, kamar yadda ka faɗa da bakinka, mai ɗawafi da ya ɗaga kai agogo yake fara gani. Akwai kuma batun wanda ya amfana. Ƙananan masaukai da gidajen haya da ke kusa da Harami a da, inda mai ƙaramin ƙarfi kan raɓa, su ne aka share domin wannan aiki da makamantansa irin na Jabal Umar da ke yamma da masallacin, sai ya zama kusanci da Ɗakin Allah ya koma abin da aljihu ke yankewa, talaka kuma yana can Aziziyya ko Kudai yana jiran bas. Masu kare aikin suna amsawa da cewa tsofaffin gidajen ba za su taɓa ɗaukar miliyoyin da ke zuwa yanzu ba, da yawansu ma ba su da kariya daga gobara, kuma kuɗin da attajirai ke biya a waɗannan ɗakuna yana komawa ne ga hidimar masallacin da kowa ke salla a ciki kyauta. Wannan hujja ita ma ba ta wasa ba ce. Inda nake rabuwa da su shi ne a kan tsawo da kusanci: ana iya samar da adadin gadaje iri ɗaya da benaye matsakaita da aka ja baya kaɗan aka haɗa da jirgin ƙasa na cikin gari, kuma sansanin Ajyad da tsauninsa ba sai an baje su ba kafin a sami hakan.

Idan Allah ya sake kai ka, ga yadda za ka kauce wa ɓata. Ka riƙe a ranka cewa duk manyan hanyoyin da ke cikin gindin ginin suna gangarawa ne zuwa arewa, wajen farfajiyar Ƙofar Sarki Abdul'aziz, ka kuma haddace sunan benen da ka shigo ta ƙarƙashinsa, domin lif na Zamzam ba zai kai ka Safa ba ko da kana ganinsa ta taga. Idan kuma lokacin salla ya gabato, ka bar lif ga tsofaffi da masu keken guragu, ka bi matakala masu tafiya da kansu tare da jama'a, za su fitar da kai bakin farfajiyar cikin 'yan mintoci.